Muna Neman Mace a Ɗakin Haihuwa, Wa Ya Riƙe Mata Nata Goyon?

Duk wanda ya taɓa kai mace asibiti da tsakar dare tana naƙuda ya san tambayar da ke fara fitowa daga bakinmu. Tun kafin mu ji ko akwai jini a ajiye, ko akwai wuta a ɗakin tiyata, sai mu matsa kusa da mai gadi mu sassauta murya: "Malam, don Allah babu mace ne a ciki?" In aka ce namiji ne a bakin aiki, nan take fuska ta ɓaci. Wani ya haƙura yana ƙunƙuni, wani kuwa ya juya da matarsa gida, a je a taso tsohuwar unguwa. Ba gori muke wa kowa ba. Mu ma mun yi wannan tambayar, kuma in dare ya sake ritsa mu za mu sake yin ta. Mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace a irin wannan hali, kuma haƙƙinta ne ta samu.

Abin da ba mu taɓa tsayawa muka tambaya ba shi ne, ita wannan macen da muke nema da ƙarfe biyun dare, daga gidan wa ta fito? Wa ya yarda ta kwana a waje? A daidai lokacin da take riƙe da hannun matarmu tana ce mata ta yi nishi, wa yake jijjiga nata jaririn? Muna son nas mace, muna son ungozoma mace. Muna kuma son mu aurar da 'ya'yanmu da wuri, su haihu ba tare da jinkiri ba. Bayan duk wannan sai muka tsara makarantun jinya kamar ɗalibar ba ta da miji, ba za ta yi ciki ba, ba ta da goyo. Abubuwan nan ba sa haɗuwa da kansu, kuma wadda muka bar wa aikin haɗa su da ƙarfin tsiya ita ce wadda ta fi kowa ƙarancin murya a cikinmu.

A gidanmu muka ga wannan, gani kuwa ya kori ji. An yi wa ƙanwarmu aure tana da shekara 18, bayan ta gama sakandare. Sharaɗin shiga makarantar jinya sananne ne: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Kimistiri ya kayar da ita, ta sake zama da ɗanta na fari a baya, ta ci. Lokacin da ta samu gurbi a wata makarantar jinya ta jiha tana da yara biyu. Watanni shidan farko, waɗanda ɗalibai ke kira PTS, su ne tankaɗe da rairaya, wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshensu sai ya tattara kayansa. Ta yi su tana barci awa huɗu, tana haddace sunayen ƙasusuwa a gaban murhu. Ranar da aka sa musu hula mahaifiyarmu ta yi kuka.

A shekara ta biyu ciki ya zo. Ta riga ta ga abin da ya samu wata 'yar ajinsu: da aka gane tana da juna biyu, aka ce ta koma gida ta dawo baɗi, ta shiga ajin da ke ƙasa da nata, ta sake biyan kuɗin shekara. Mijin ya ce ba zai biya sau biyu ba, maganar ta mutu a nan. Saboda haka ƙanwarmu ta ɓoye nata cikin. Ta sa aka buɗa mata yunifom, ta riƙa haɗiye laulayi a tsaye a gaban marasa lafiya, ta ƙi yin awo a asibitin da take koyon aiki don kada labari ya kai ofis. Ɗalibar da ake koya wa illar ƙin zuwa awo da wuri, ita ce ta kai wata biyar ba a gwada jininta ba.

Ta haihu a ƙarshen hutu, ta koma ɗakin marasa lafiya ranar da jaririyar ta cika kwana ashirin, ko arba'in ba a yi ba, domin in kwanakin da ta rasa suka wuce ƙa'ida za ta maimaita shekarar. Ba a shiga da jariri aji, ba a kwana da shi a ɗakin ɗalibai. Mahaifiyarmu, mai ciwon gwiwa, ita ke hawa adaidaita sahu da rana tsaka ta kai jaririyar bakin get, uwar ta fito a guje ta ba ta nono a inuwar katanga. In aikin dare ne, sai ta tatsa a banɗaki ta zubar, don babu inda za ta ajiye. Kafin wata uku nonon ya ja baya, aka koma madarar gwangwani. A wannan watan ne aka tura ta sashen awo, aka ba ta allo mai hotuna ta tsaya gaban mata tana karantar da su cewa nonon uwa zalla ake ba jariri har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Da ta dawo gida ta ce, "Yaya, wallahi yau ji na yi kamar ƙarya nake musu."

Ba ƙarya ta yi musu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya haka ta ce, kuma gaskiya ce. Makarantar da ta koya mata wannan gaskiyar ita ce ta hana ta aiki da ita.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, akwai darasin da muka koya da wahala. In mutum ɗaya ya kasa amfani da abin da ka gina, wataƙila shi ne bai iya ba. In mutane iri ɗaya suna ta faɗuwa a waje ɗaya shekara da shekaru, laifin na wanda ya tsara ne. Kowane tsari yana da mutumin da aka zana shi dominsa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Kuma mu ma hannunmu ba a wanke yake ba. Mun taɓa gina wa wata makaranta shafin rajistar ɗalibai. A fom ɗin akwai gurbin da ke tambaya ko ɗaliba tana da aure, amsar tana shiga rumbun bayanai ta kwanta, babu abin da take motsawa. Babu gurbin yawan 'ya'ya. Halin da ɗalibi zai iya kasancewa a ciki guda huɗu muka rubuta: yana karatu, ya jingine, ya janye, an kore shi. Hutun haihuwa babu shi, domin babu shi a takardar da aka ba mu, mu kuma ba mu tambaya ba. Muka karɓi kuɗinmu muka tafi. Duk matar da ta haihu a makarantar nan, kwamfuta dole ta jefa ta cikin ɗaya daga ukun ƙarshe. Laifi tudu ne, mun taka namu kafin mu hango na wani.

To, wace ce ɗalibar da aka zana makarantar jinya dominta? Tarihi ya ba da amsa. A 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan. Ɗalibanta a gidan da aka tanadar musu suke kwana, ƙarƙashin ido, rayuwarsu kacokan ta asibiti ce. A Ingila, har wajen tsakiyar ƙarni na 20, nas in ta yi aure yawanci barin aiki take yi. Wannan tsarin ne Turawan mulki suka zo mana da shi. Aka yi dokar ungozoma a 1930, aka kafa majalisar masu jinya a 1947, aka haɗe su a 1979 suka zama hukumar da yau ake kira NMCN. Ilimin da suka kawo alheri ne, ba mu musa ba. Amma a cikin ƙunshin akwai zaton cewa mai koyon jinya budurwa ce da babu wanda ke jiran ta a gida. Su masu tsarin tuni suka gyara nasu. Tun 2020 ɗalibin jinya a Ingila yana samun tallafin fam 5,000 a shekara wanda ba bashi ba ne, kuma mai ƙaramin yaro ana ƙara masa fam 2,000 a kai. Mu ne muka rungumi tsohon zubi muna kiran sa ƙa'ida.

Abin takaicin, muna da namu gadon da ya fi dacewa da mu. A shekarar da Nightingale ta buɗe makarantarta, Nana Asma'u 'yar Shehu tana raye a ƙasar Sakkwato, sai 1864 ta rasu. Ta san matan aure masu goyo ba za su iya barin gida su zo gabanta ba, saboda haka ba ta ce duk mai son ilimi ta ajiye iyali ba. Ta horar da jajis, su zo su ɗauki karatu su koma garuruwansu su kai wa mata har cikin gida. Wannan shi ne 'Yan Taru. Ba cewa muke a koyi allura da ƙarin ruwa a tsakar gida ba. Abin lura shi ne, ta dubi rayuwar matan da ke gabanta ta yanka tsarin daidai da su. Fiye da shekara 160 bayanta, mu yanka matan muke yi don su shiga tsarin.

Ga matan da ke gabanmu kuwa, alƙaluma sun nuna su. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna rabin matan Arewa maso Yamma masu shekara 25 zuwa 49 sun yi aure kafin su cika 16. Binciken ya nuna a wannan yanki haihuwar da ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A raba wannan da kwanakin shekara, mace fiye da 220 ke nan kowace rana. Abin da ke kashe su ba baƙo ba ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, ƙwayar cuta da ta shiga jini. Mafi yawansu ungozoma mai horo da kayan aiki za ta iya gane su da wuri, ta tsayar ko ta tura gaba kan lokaci. A yankin da mace ke aure da wuri haka, duk makarantar da ta ce sai marar goyo ta rufe ƙofa ga mafi yawan matan da za su iya wannan aiki.

Mun san amsoshin da za a ba mu, domin mun sha jin su a majalisa da gidan biki.

Ta farko: ta bari ta gama karatu sannan ta yi aure mana. To a yi lissafi. Yarinya ta gama sakandare tana 18, ta jira jarrabawar JAMB da gurbi shekara ɗaya ko biyu. Tsohon tsarin shekara uku ne, sabon tsarin ND da HND shekara huɗu, digirin jami'a shekara biyar, ga shekarar koyon aiki a bayansa. Za ta fito tana 24 ko 25. Masu cewa ta jira su ne dai waɗanda, tana cika 21, za su fara tambayar uwarta ko lafiya, su ce ta yi kwantai, su ce boko ya buɗe mata ido. Ba za mu matsa mata ta yi aure da bakin dama ba, mu kuma hukunta ta kan auren da bakin hagu. Sannan ina muka ajiye wadda aka riga aka aurar, da wadda aka saka da yara uku, da wadda mijinta ya rasu? Su ne suka fi kowa sanin abin da ya kawo su aji.

Ta biyu: in aka sassauta wa masu goyo, ingancin aiki zai faɗi, kuma rai ake magana. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma mun yarda da rabinta. Kada a rage wa kowa ko awa ɗaya ta koyon aiki. Kada a ɗaga wa kowa maki don tana jego. Nas da ba ta iya lissafin magani ba kisa za ta yi, ko uwa ce ko budurwa. Amma me ya haɗa inganci da maimaita shekara guda saboda an rasa mako takwas? Kowace ɗaliba tana da littafin da ake sa mata hannu kan duk aikin da ta yi a gaban malami. In abin da ya rage mata mako takwas ne a ɗakin yara, ta dawo ta biya mako takwas a ɗakin yara. Maimaita darussan da ta riga ta ci ba ya ƙara mata ƙwarewa, kuɗi kawai yake ci, da haƙurin mijin da dama a ƙage yake. Kuma a gaya mana, wa ya fi hatsari ga mara lafiya: wadda ta huta ta warke ta dawo, ko wadda ke tsaye a kansa kwana ashirin da haihuwa, jiri na ɗibar ta, rigarta ta jiƙe da nono?

Dokar ƙasa ma ta san amsar. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciya mako shida kafin haihuwa, ya haramta a sa ta aiki a mako shidan da ke bayan haihuwa, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun wata huɗu. Jihar Kaduna ta mayar da nata wata shida a 2019. Ɗalibar jinya kuwa tana ɗaga mara lafiya, tana gyara gado, tana kwana a tsaye kamar kowace nas, amma da yake sunanta ɗaliba, ba ta da ko kwana ɗaya da za ta nuna a takarda ta ce haƙƙinta ne. Abin da take samu ya dogara ga halin shugabar makaranta. In mai tausayi ce, a rufa mata asiri. In aka canza shugaba, tausayin ya bi ta.

Ta uku: yaran fa, wa zai yi tarbiyyarsu? Wannan tambayar mu maza muka fi yin ta, kuma muna yin ta kamar yaran marayu ne. Suna da uba. Akwai irin izinin da muke bayarwa wanda hani ya fi shi gaskiya: "Na yarda ki yi karatu, amma kada in ga canji a gidana." Wato tuwon dare a kan lokaci, yara a wanke, baƙi a tarbe su, ita kuma ta nemi inda za ta cusa aikin dare da jarrabawa. In ta gaza, sai mu ce ai dama mun faɗa. Mutumin da zai iya kwana a shago ko a ofis saboda neman kuɗi, zai iya kwana uku a mako yana dama wa ɗansa kunu. Riƙon ɗanka ba alfarma kake wa matarka ba. Masu kawo addini kuma su tuna da Rufaida al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Khandaƙ. Mu da muke cewa bai dace namiji ya duba matarmu ba, mu ya fi wajaba a kanmu mu samar da macen da za ta duba ta. Ba zai yiwu kowa ya ce matar wani ce za ta yi ba.

Ta huɗu daga mata take fitowa, kuma ta fi zafi. Babbar nas ta dubi ɗaliba mai goyo ta ce, "Mu ma haka muka sha, ba mu mutu ba." Gaskiya ne sun sha, kuma muna girmama su. Sai dai waɗanda suka tsira ne kawai ke nan suna ba da labari. Waɗanda suka faɗi a hanya suna gida, ba a gayyatar su taron yaye ɗalibai su faɗi nasu. Wahalar da mutum ya sha ba gado ba ce da zai raba wa na bayansa.

Ta biyar: babu kuɗi. An riga an gwada, a nan ƙasar, a jihohinmu. Daga 2012 zuwa 2020 shirin Women for Health, da tallafin gwamnatin Birtaniya, ya yi aiki da makarantun lafiya a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. Ya ɗauko mata daga karkara, har da matan aure, ya ba su shekarar share fage don su cike gurbin darussan kimiyya. Ya samar da ɗakunan raino da masaukin da ya dace da masu goyo, ya zauna da mazaje da masu unguwanni da malamai kafin a ɗauki matan. Matan da aka ce ba za su iya ba suka zama ungozomomi. Abin kunyar shi ne sai da baƙo ya zo daga wata ƙasa ya nuna mana cewa mai goyo tana buƙatar inda za ta kwantar da goyonta. Ɗakin raino ɗaki ne da tabarmi da gidan sauro da firji da mata biyu ko uku masu amana. Jihar da ke iya gina wa makaranta ƙofar shiga mai ado ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Akwai kuma lissafin da ko marar tausayi ya kamata ya gane. A farkon 2024 magatakardan NMCN ya ce ma'aikatan jinya kusan 42,000 suka bar ƙasar nan cikin shekara uku. Amsar da hukumar ta bayar a wancan lokacin ita ce sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita. Ma'aikatar lafiya kuma ta sanar da ƙara guraben makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Ba ma zargin masu tafiya, mu kanmu da yawanmu kamfanonin waje muke wa aiki daga ɗakunanmu saboda dalili ɗaya da nasu. Amma a duba wa ya fi wuyar tumɓukewa. Matar da mijinta ke noma a ƙauyensu, 'ya'yanta na Islamiyyar unguwa, uwarta na bayan katanga, ba ta neman biza. Ta san yaren matan garin, ta san wace suruka ce ke hana zuwa awo, kuma in ta ce a tafi babban asibiti yanzu, za a ji maganarta domin ita ma ta yi naƙuda. Wannan ita ce ma'aikaciyar da asibitin karkara ke nema ido rufe, kuma ita ce tsarinmu ya fi saurin zubarwa. Muna ƙara faɗin bakin tulu, gindinsa a fashe.

Abin da muke nema ba shi da yawa, kuma kowanne akwai mai shi. Hukumar NMCN, wadda ba ta amincewa da makaranta sai ta ga ɗakin karatu da ɗakin gwaji da yawan malamai, ta sa ɗakin raino a cikin sharuɗɗan, mai buɗewa dare da rana tunda aikin dare da rana ne. Ta rubuta hutun haihuwa na ɗaliba a ƙa'ida, aƙalla mako goma sha biyun da doka ta ba ma'aikaciya, da tabbacin za ta ɗora daga inda ta tsaya ba tare da sabon kuɗin shekara ba. Makarantu su fitar da jadawalin aikin asibiti tun farkon zango don iyali su shirya, su bar mai shayarwa ta ɗage aikin darenta zuwa bayan wata shida ta biya shi cif. Su daina tilasta wa matar aure kwana a ɗakin ɗalibai in ba za su ba ta ɗakin da za ta kwana da jaririnta ba. Gwamnonin jihohi, masu yawancin makarantun nan, su sa albashin masu raino a kasafi, kada ya zama abin da ke mutuwa ranar da mai tallafi ya tafi.

Mu masu rubuta manhaja kuma mu gyara ɓarnarmu. Duk shafin makarantar da za mu gina daga yau, mu tambayi inda hutun haihuwa yake ko ba a sa shi a takarda ba. Mu sa gurbin dalilin barin karatu, don kowace makaranta ta iya faɗin mata nawa ciki da goyo suka fitar mata a shekara. Aikin yini ɗaya ne. Abin da ba a ƙirga ba, ba a jin kunyarsa.

Sauran kuma na gida ne, babu hukumar da za ta yi mana. Miji ya san in ya ce ya yarda, yardar ta haɗa da tuwon da zai makara da daren da zai kwana da mai kuka. Suruka ta daina kirga wa matar ɗanta kwanakin da ta yi a waje. 'Yan'uwa su raba kwanakin riƙon yara tun kafin a fara zango, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu a gidanmu ba mu yi haka ba. Mun bar wa tsohuwa mai ciwon gwiwa, muna yaba haƙurinta daga nesa, muna aika kuɗin adaidaita muna jin mun yi abin kirki.

Ƙanwarmu ta gama, ta ci jarrabawar hukuma, yau tana aiki a wani asibitin ƙaramar hukuma. Mutane suna nuna ta suna cewa ga shi nan, mai so yana iyawa. Ba ma son a yi misali da ita ta wannan fuskar. Ta iya ne saboda tana da uwa a raye a gari ɗaya, da miji da bai janye ba, da jikin da bai fāɗi ba lokacin da aka yi caca da shi. Wadda aka ce ta dawo baɗi tana nan a unguwarsu, tana sayar da zoɓo a firji, kuma 'yan ajinsu sun shaida ta fi su duka iya sa allurar ƙarin ruwa. Daren da wani zai tsaya a bakin asibitin garinsu ya tambaya ko babu mace a ciki, a ce masa babu, ita ce wadda ba ta nan. Kafin mu buɗe baki mu zagi gwamnati a wannan daren, mu tuna wa ya mayar da ita gida.